Fara da gadi, takul sai ka ƙware

Ka tambaya wane gurbi ya fi dacewa da sabon ɗan wasa a layin masu kare kwatabak, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo, a ƙwallon ƙafar Amurka. Fara da gadi. Mutum 5 ne a layin: santa a tsakiya, gadi biyu a gefensa, takul biyu a bakin layi. Gadi yana da mataimaki hagu da dama, filin da yake tsarewa ɗan ƙarami ne, in ya yi kuskuren taku ɗaya akwai mai rufa masa. Santa kuwa shi ke miƙa wa kwatabak ƙwallo ta tsakanin ƙafafu don fara wasa, shi ke kuma faɗin wa zai tare wa, nauyin ya yi wa sabon shiga yawa. Takul na hagu shi ke tsare bayan kwatabak mai jifa da dama, sau da yawa shi kaɗai da abokin hamayya mai gudun tsiya.

Sharaɗi ɗaya: in dogo ne kai, tsawon hannunka ya kai inci 33, ƙafarka kuma na da sauri, koci zai iya gwada ka a takul na dama. Ko ina aka sa ka, abin da ke kayar da sababbi miƙewa tsaye ne da zarar an saki ƙwallo, sai a ture su baya. Ka duƙa, takun farko kada ya wuce inci 6, hannuwa a ƙirjin abokin hamayya. In suka zame waje ka riƙe riga, tarar yadi 10 ce, wato a mayar da ƙungiyarku baya, motsi kafin a saki ƙwallo kuma yadi 5.