Filin Amsoshinku: mayaƙin Baikin na cikin gem, da gaske haka suke?

TAMBAYA: Salam Yaya, ina gaisuwa. Dan Allah raba mu musu da wani abokina. Ni duk gem ɗin da na shiga Barbarian nake ɗauka saboda ina son 'yan Baikin, wato tsoffin mayaƙan teku na arewacin Turai, irin mai kwalkwalin ƙaho ɗin nan na Skyrim. Shi kuma ya dage wai duk ƙarya ce, ba su taɓa sa ƙaho ba kuma ba wani haukan yaƙi da suke yi, har mun sa katin waya. Sannan a Baldur's Gate 3 kullum ni ake fara kashewa alhalin an ce Barbarian ya fi kowa jini, to ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Katin nan dai sai dai ku raba shi biyu, don kowa ya ci rabi.

Maganar ƙaho abokinka ya kada ka. Kwalkwalin zamanin Baikin da ya fi shahara shi ne wanda aka tono a wata gona mai suna Gjermundbu a ƙasar Norwe a 1943, na ƙarni na 10 ne, ƙarfe ne zagayayye da wani abu kamar tabarau da ke kare ido da hanci, ko alamar ƙaho babu. Ƙahon ya samu gindin zama ne tun 1876, lokacin da wani mai tsara kayan 'yan wasa Carl Emil Doepler ya ɗora wa 'yan wasan kwaikwayon waƙa na mawaƙi Wagner shi a garin Bayreuth na Jamus, wato shekara 800 da ɗoriya bayan zamanin ya wuce, tunda ana lissafa shi ne daga harin da suka kai tsibirin Lindisfarne na Ingila a 793 zuwa 1066. Kai ma ka yi tunani mana, mutum na kawo maka sara ta ka kai kuma ka kafa masa marikin da gatarinsa zai maƙale? Kuma yawancinsu ma mashi da garkuwar katako suke riƙewa, takobi sai mai hali.

Amma haukan yaƙi kam kai ne da gaskiya, ba masu gem suka ƙirƙiro ba. Sunan Berserker, wato mayaƙi mai wannan haukan, daga tsohon yarensu ya fito, masana sun rabu kan ma'anarsa, wasu sun ce mai rigar fatar beyar, wasu sun ce mara riga. Snorri Sturluson, marubucin Aisland na ƙarni na 13, ya siffanta mutanen Odin, babban abin bautarsu, da cewa suna shiga yaƙi ba sulke, sun haukace kamar karnuka ko kyarkeci, suna cizon garkuwarsu, wuta ba ta cin su ƙarfe ma ba ya cin su. Ranar da na fara karanta wannan dariya na yi wallahi, na ce ashe su ma suna da 'yan taurinsu. A cikin 'ya'yan wasan ces da aka tsinta a tsibirin Lewis na Sikotland a 1831 akwai 'yan mayaƙan da aka sassaƙa sun kafa haƙora a bakin garkuwa, ido a waje. Sai dai jama'arsu ba su ɗauke su gwanaye kamar yadda gem ke nunawa ba, dokar Aisland ta dā ma hukunci ta tanadar wa wanda ya tayar da wannan haukan.

To mutuwarka a Baldur's Gate 3, ina zargin kana buga shi kamar Diablo ne, inda za ka danna Whirlwind ka yi ta juyi cikin aljanu kamar guguwa. Nan bi da bi ake yi, dole ka yi lissafi. Jinin yana da yawa, 12 yake farawa da shi kafin ƙarin Constitution, wato makin ƙarfin jiki, amma asirin yana cikin Rage, wato haukan yaƙin nan, in ka kunna ta sara da suka da duka duk rabi suke cinka, in ba ka kunna ba kai da sauran mayaƙa kusan ɗaya kuke. Sau 2 kawai kake da ita a lebul na farko sai an yi dogon hutu take dawowa, kuma in zagaye ya wuce ba ka kai hari ba ba a kuma taɓa ka ba sai ta huce, ka yi asara, shi ya sa in maƙiyi na nesa ko jifa ce ka yi masa. Kar ka sa masa sulke mai nauyi, yana kashe amfanin Rage ɗin gaba ɗaya, na ga mutane da yawa suna wannan kuskuren don kawai sulken ya yi kyau a ido. Sai Reckless Attack, wato harin ganganci, yana sa saranka ya fi samun mutum amma su ma nasu zai fi samunka, to ba kowane zagaye ake dannawa ba, ballantana in maharba 3 sun saita ka. Wuta da tsafi kuwa cikakku suke cin Berserker, maganar Snorri ba ta aiki a nan.

TAMBAYA: Yaya ni Eivor mace na ɗauka a Assassin's Creed Valhalla, yayyena na ta min tsiya wai mata ba su yi yaƙi ba. Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

AMSA: Ƙanwata ki ce su nemi labarin kabarin Birka a Suwidin. An tono shi a 1878 da takobi da gatari da mashi da kibau da dawakai 2, sama da shekara 100 kowa na cewa wani babban jarumi ne namiji, sai a 2017 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna mace ce. Masana na jayayya har yanzu kan ko ta yi yaƙin da hannunta ko kayan girmamawa ne aka binne ta da su, don haka kar ki cika baki da yawa, amma ki ci gaba da gem ɗinki, in sun dame ki ki ɓoye fad ɗin na biyu.