Gurgu da makauniya a ɗakin laka: me za a yi kafin ambaliya ta iso?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A bakin fadama muke zaune, ɗaki ɗaya na laka, ɗaya na zana da tamfol. Yayana gurgu ne tun da shan inna ya kama shi yana yaro, mahaifiyarmu kuma ba ta gani. Da hadari ya haɗu sai gabana ya faɗi. Me ya sa ambaliya ta fi cin irinmu, kuma me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Mama lafiya, Ya saka miki da alheri.

Tsoronki yana kan hanya. Filin da talaka ke iya samu shi ne wanda mai kuɗi ya ƙi: kwari, bakin kogi, hanyar ruwa. Ginin laka kuma daga gindi yake shan ruwa, ya jiƙe ya yi laushi, shi ya sa bango kan faɗi ko bayan an ɗauke ruwa, rufin azara ya biyo shi kan masu barci.

Ki tuna Maiduguri a ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shiga Gwange da Fori da Kasuwar Monday har da Asibitin Koyarwa. Cikin dare ruwan ya zo. Da yawa daga waɗanda ya shafa 'yan gudun hijira ne da rikicin Boko Haram ya riga ya raba da garuruwansu, har sai da aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe a 2021.

A irin wannan dare, ruwan da ya kai wa mai lafiya gwiwa ya kai wa mai rarrafe wuya. Keken guragu ba ya tafiya a taɓo. Mama kuwa da ƙafa da sanda ta haddace hanya, ta san inda kwata take da inda rijiya take. Ruwa na rufe ƙasa duk wannan sanin ya tafi. Kurma ma bai ji shelar masallaci ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan an tsira: mutum ya rasa kekensa, wanda shi ne ƙafarsa kuma da shi yake neman abinci, ya isa sansani ya tarar rabon abinci na mai ƙarfin turmutsutsu ne, bayan gida kuma sai an hau matakala. Ga masai sun cika sun gauraya da ruwan sha, amai da gudawa na jira. Akwai dokar hana wariya ga masu nakasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma a wajen rabon agaji sai kin buɗe baki.

Don haka tun yau ki sami maza biyu a maƙwabta, ki kira sunansu ki ce wane kai ne mai goya Yaya, wane kai ne jagoran Mama. “Wani zai taimaka” ba shiri ba ne. Ki nemi ɗan'uwa mai gida a tudu, ki kai su can da rana da zarar kin ga ruwa ya fara kwanciya a tsakar gida ko rediyo ya yi gargaɗi, tare da keken. Magunguna da katin asibiti da katin ɗan ƙasa ki ƙulle su a leda ki rataye a sama. In gindin bango ya yi danshi ko ya tsage, kada kowa ya kwana a ɗakin lakar. Gara na zanar.

Sannan ki je wurin mai unguwa ya rubuta cewa gidanku akwai mutum biyu da ba sa iya gudu, domin idan jami'an SEMA ko NEMA, wato hukumomin agajin gaggawa na jiha da na tarayya, suka shigo unguwa, ya sanar da su.