Agwagwar daji ta yi ƙwai a lambuna: in kwashe su ko in bar su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune da iyalina a birnin Leeds da ke Ingila, kuma a bayan gidanmu akwai ɗan lambu mai shingen katako da ƙaramin kududdufi na ado. A makon jiya yarana suka gano sheƙa a ƙarƙashin wata shuka mai duhu kusa da ruwan, da ƙwai shida a ciki. Da sassafe kawai muke ganin uwar, daga nan sai ta tashi ta bar ƙwan cikin sanyin watan Afrilu. Ga kyanwar maƙwabta, ga kuma yanyawa da ke shigowa da dare. Shin ta guje su ne? Zan iya kwashe su in ajiye a wuri mai ɗumi, ko in mayar da sheƙar cikin rumfa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka taɓa ƙwan, kuma kada ka matsar da sheƙar ko da taku ɗaya ne, domin abin da ka bayyana alama ce ta cewa komai yana tafiya daidai.

Kusan tabbas baƙuwar taku ita ce agwagwar da Turawa ke kira mallard, wadda ta fi kowace agwagwar daji yawa a Birtaniya. Toron yana da kai kore mai sheƙi da farin zobe a wuya, ita kuwa macen ruwan ƙasa ce mai dabbare-dabbare, launin da ke ɓoye ta cikin busasshen ganye. Al'adarta ita ce ta saka ƙwai ɗaya a kowace rana, yawanci da safe, har su kai tsakanin 8 zuwa 13, kuma ba ta hawa kwanci sosai sai ta gama sakawa. Hikimar hakan ita ce ɗan da ke cikin ƙwai ba ya fara girma sai ɗumin jikin uwa ya zauna a kansa, saboda haka ƙwan farko yana jiran na ƙarshe ba tare da ya lalace ba, sannan duka su ƙyanƙyashe kusan a yini guda. Da za ka ɗauki shidan nan ka kai su kusa da na'urar ɗumama ɗaki, da ka ɓata wannan lissafi, kuma da wuya ko ɗaya ya rayu.

Idan ta hau kwanci za ta yi kimanin kwana 28. A nan ne waɗanda suka taso da kiwon agwagwa a gida sukan ruɗe, domin agwagwar da aka saba gani a Kano ko Maraɗi, mai jan tsiro a fuska, wani jinsi ne daban wanda asalinsa daga nahiyar Amurka yake, kuma ita kwana 35 take yi. A tsawon kwancin, uwar tana fita sau ɗaya ko biyu a rana don ci da sha da wanka, kuma kafin ta tashi takan lulluɓe ƙwan da tattausan gashin da ta tsige daga ƙirjinta. Toron zai ɓace bayan ɗan lokaci, domin ba ya taya kwanci kuma ba ya renon 'ya'ya.

Akwai kuma batun doka, wanda bai kamata mazaunin Ingila ya yi wasa da shi ba. Dokar kare namun daji da karkara ta shekarar 1981 ta haramta ɗaukar ƙwan tsuntsun daji ko lalata shi da gangan, haka kuma ta haramta ɗauke sheƙar da ake amfani da ita ko lalata ta, ko da a cikin lambun gidanka take. Hukuncin yana iya kaiwa ga tara ko ɗaurin wata shida. Ko da babu doka ma, agwagwa tana gane sheƙarta ne ta wurin da take, kuma idan ta dawo ta tarar an sauya wurin, sau da yawa sai ta yi tafiyarta.

Game da kyanwa da yanyawa, na fahimci damuwarka, amma babbar kariyar da take da ita ita ce kada a san tana wurin. Ka hana yara yawan leƙawa, ka bar ciyawar da ke kewaye da sheƙar ba tare da yanka ba, kuma kada ka zuba abinci kusa da ita. Mutane da yawa suna yin hakan saboda tausayi, alhali ragowar abincin shi ne ke jawo ɓeraye da hankaki da yanyawa zuwa inda ƙwan suke. Ta san inda take samun abincinta. Idan duk da haka wata dabba ta cinye ƙwan, abin akwai ɓacin rai, sai dai galibi takan sake wata sheƙar a wani wuri cikin wannan kakar.

Aikinka na gaske zai fara ne ranar ƙyanƙyasa, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. 'Ya'yan suna fitowa da gashi a jikinsu da idanu a buɗe, kuma cikin yini guda uwar za ta ja su zuwa ruwa. Ba ta ba su abinci a baki, da kansu suke tsintar ƙananan ƙwari da tsutsotsi da ganyen ruwa. Matsalar kududdufin ado ita ce yawanci gefensa a miƙe yake, kuma da santsi, ta yadda uwar za ta iya tsallakewa ta fito amma 'ya'yan su kasa. Idan suka daɗe a ciki gashinsu yana jiƙewa, sanyi ya kama su, su galabaita su mutu. Tun kafin ranar, ka jingina faffaɗan katako mai kaushi daga cikin ruwan zuwa bakinsa, ko ka jera duwatsu kamar matakala, sannan ka rufe duk wani ramin magudanar ruwa da ke lambun.

Abu na biyu shi ne hanyar fita. 'Ya'yan ba za su iya tashi sama ba sai bayan kwana 50 zuwa 60, kuma ƙaramin kududdufi ba zai ciyar da su tsawon wannan lokaci ba. Uwar ta riga ta san wani rafi ko tafki ko mashigin ruwa a kusa, kuma da ƙafa za ta kai su can, sai dai ita da fiffike ta shigo, ba ta yi la'akari da shingenka ba. Da zarar ka ji kukansu, ka buɗe ƙofar lambun ka koma gefe. Idan akwai titi a tsakani, ka bi su daga nesa domin ka ankarar da masu mota, ba tare da ka jefa kanka cikin haɗari ba. Idan kuwa babu ƙofa, ana iya zuba 'ya'yan a cikin buɗaɗɗen kwali a riƙe shi ƙasa-ƙasa, a yi tafiya a hankali yadda uwar za ta riƙa jin kukansu tana biye. Kada a kore ta, domin 'ya'yan da suka rabu da uwa a kwanakin farko da wuya su kai labari. In ta firgita ta tashi, ka ajiye kwalin ka ja da baya, yawanci kukansu zai dawo da ita. In an shafe sa'o'i ba ta dawo ba, ka tuntuɓi ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA ko wata cibiyar kula da namun daji da ke kusa.

Idan suka ɗan zauna a lambun kuma kana son taimaka musu, ka guji burodi, wanda ke cika ciki ba tare da gina jiki ba, kuma yana ɓata ruwa. Yankakken latas da koren wake mai laushi sun fi, a zuba kaɗan a bakin ruwa. Saboda murar tsuntsaye da ta addabi Birtaniya a shekarun baya-bayan nan, ka sa yara su riƙa wanke hannu bayan wasa a lambun, kuma kada kowa ya ɗauki tsuntsu mara lafiya ko matacce da hannu.

Ka fara ƙirga kwana 28 daga ranar da ka ga ta wuni a kan sheƙar, kuma ka tanadi katakon da mabuɗin ƙofar kwana biyu ko uku kafin cikarsu.