Tambaya da Amsa: Ziyarar Hasumiyoyin Kaburbura a Peru

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Ƙanena zai je taro a Lima, babban birnin Peru, kuma yana son ganin hasumiyoyin da mutanen zamanin da suke binne manyansu a ciki. Ina suke, kuma wane shiri zai yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Waɗanda aka fi zuwa gani suna Silustani, a bakin tafkin Umayo, kimanin kilomita 35 daga garin Puno. Daga Lima jirgin sama zai hau zuwa garin Juliyaka, sai ya ƙarasa a mota.

Mutanen Kolla, wata ƙabila ta yankin, ne suka fara gina su, kafin daular Inka ta ci ƙasarsu da yaƙi a ƙarni na 15. Bambanta aikin ba wuya. Na farko gajeru ne, da duwatsun da ba a sassaƙa ba. Na zamanin Inka kuwa manyan duwatsu ne da aka goge aka jera ba tare da laka ba, mafi tsawo ya kai mita 12, kuma samansa ya fi gindinsa faɗi, kamar rumbu. Ya nemi wanda aka sassaƙa wa ƙadangare a jiki. 'Yar ƙofar kowanne gabas take kallo, kuma a zaune ake ajiye gawa, gwiwa a ƙirji, da abinci da kayanta. Da yawa sun tsage, aikin ɓarayin kaburbura ne da kuma aradu. Kada ya hau su.

Amma abin da ya fi damunmu tsayin wurin ne. Kano ba ta kai mita 500 daga matakin teku ba, Lima ma a bakin teku take, alhali Puno ta haura mita 3,800. Iskar can ba ta ƙosar da huhu. Wanda ya sauka daga jirgi ya nufi tudun kai tsaye yakan kwana da ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci. Gara ya fara kwana 2 a birnin Arekifa, mai tsayin kusan mita 2,300, sannan ya wuce Puno. Ranar farko a Puno hutu ce: ruwa da yawa, abinci mara nauyi, tafiya sannu. Idan numfashi ya gagara ko yana zaune, ko ya fara tangaɗi da ruɗewa, a sauko da shi a kai shi asibiti nan take.

Kafin ya sayi tikiti ya san nau'in jininsa ta gwajin sikila. Mai sikila kada ya je. Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, shi ma ya ga likita, don ƙarancin iska kan taɓa saifa a irin wannan tsayi.

Daga Mayu zuwa Satumba babu ruwan sama sosai, sai dai a Yuni da Yuli ruwa kan daskare da dare, da rana kuma zafinta na ƙona fata. Ya ɗauki rigar sanyi mai kauri, malafa, da takalmi rufaffe. Awa 2 ta isa zagayen. Za a miƙo masa ganyen koka, wanda ake yin hodar ibilis da shi, ko shayinsa don ciwon kai. Kada ya sako ko ɗaya a jaka, domin shigo da shi Najeriya laifi ne.