Amsa ga ƙanena na Kano: Sudan ba maɓoya ba ce

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Tambaya biyu ka haɗa a ciki, kuma ɗaya ta fi ɗaya zafi. Ta farko, wai wani abokinka da maganar kuɗi ta rutsa da shi yana neman ƙasar da ba ta da yarjejeniyar miƙa masu laifi, ya tattara ya tare can gaba ɗaya, an kuma ce masa Sudan ta dace. Ta biyu, kan mu Hausawan Sudan, ka saƙala ta a ƙarshe kamar ba komai ba: "ai ku ma kakanninku gudowa suka yi." Zan fara da ta farkon don ta fi sauƙi.

Ka faɗa wa abokinka ya tambayi labarin Carlos. Ɗan ƙasar Venezuela ne, Faransa ta yi shekaru tana nemansa ruwa a jallo kan kashe-kashe, ya zo ya fake a Khartum yana ganin ya tsira. A watan Agusta na 1994 aka yi masa wani ɗan ƙaramin aiki a asibiti, bayan nan aka ɗauke shi daga masaukinsa, aka yi masa allurar barci, aka ɗora shi a jirgi sai Faransa. Ba a zauna a kotu ba, ba alƙalin da ya duba wata takarda. A 1997 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Usama bin Laden ma ya zauna a nan, yana da kamfanin gina hanyoyi da gonaki, mutum ne mai dukiya da kunnen manya. Da matsin lamba daga Amurka da wasu ƙasashe ya yi yawa, a watan Mayu na 1996 aka ce ya kama gabansa.

Juya ɗaya gefen kuma. Kotun duniya da ke Hague ta ba da sammacin kama Umar al-Bashir, shugaban Sudan na lokacin, a 2009, ta ƙara wani a 2010. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar da ta kafa kotun. Amma a Yulin 2013 al-Bashir ya sauka a Abuja taron Tarayyar Afirka, ya koma gida ba wanda ya taɓa shi. Inda akwai takarda ba a miƙa mutum ba, inda ba a bi ta takarda ba an miƙa. Abin da ke yanke hukunci shi ne ko gwamnatin da kake zaune a ƙarƙashinta tana da amfani da kai a yau, kuma yau ɗin tana sauyawa. Abokinka ba shugaban ƙasa ba ne, babu mai ɓata da wata gwamnati saboda shi.

Abin da masu ba shi shawara ba su gaya masa ba shi ne, baƙo ba ya bukatar a miƙa shi, korarsa kawai ake yi. Fasfo yana da ranar mutuwa. Iƙama kuma, wato takardar izinin zama, a kan fasfo take rataye. Ranar da ya je sabuntawa, ofishin jakadancin ƙasar da yake gudu zai shiga da ƙafarsa. In bai je ba, ya zama mai zama ba bisa ƙa'ida ba, kowane ɗan sanda a shingen hanya ya zama ubangidansa, kuma korar irin wannan baƙo ba ta neman wata yarjejeniya. Ga 'yan sandan ƙasa da ƙasa, Interpol, da jar sanarwarsu da ke bin mutum filin jirgi zuwa filin jirgi. Ga yarjejeniyar Riyad ta 1983 tsakanin ƙasashen Larabawa, wadda Sudan ke ciki, ita ma da batun miƙa wanda ake nema. Ku a can kun ga na Abdulrashid Maina: ya tsallake beli ya shiga Nijar, ƙarshen 2020 aka kama shi a Yamai aka taso ƙeyarsa Abuja.

Kuma don Allah, wace Sudan ɗin ake nufi? Tun 15 ga Afrilun 2023 muke cikin yaƙi. Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekara, Sinja a tsakiyar 2024, mutanenmu na Jazira da Sinnar suka watsu da abin da kai zai iya ɗauka. A farkon yaƙin mun ga ɗaliban Najeriya sun hau motocin da gwamnatinsu ta ɗauko, aka nufi iyakar Masar da su, daga can jirgi ya kai su gida. Mun yi musu murna, 'ya'yanmu ne. Amma wanda ke ɓoye wa ƙasarsa, wace mota zai hau ran nan? Sunansa zai rubuta a takardar jakadanci? Mu da muka zauna, mun zauna ne don nan ne gida, akwai dangi a Gadarif da Kasala da za su buɗe mana ƙofa. Shi ba shi da ko ɗaya.

Yanzu ga maganar da ta taɓa ni.

Ba kai ka fara faɗa ba. A Makka na ji ta daga bakin alhazan Kano da na Zazzau, cikin raha wai, amma raha ce mai ƙaya: mutanen Sudan, jikokin waɗanda suka gudu. E, akwai waɗanda suka bar ƙasa suna gudu, kuma ba ma jin kunyar abin da suka guje wa. Sakkwato ta faɗi hannun Turawa a Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka tare shi a Burmi cikin Yulin wannan shekara, ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da ragowar mutane, Fulani da Hausawa, har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Ka lura da wani abu da mutanen gida kan manta: Turawan Ingila ɗin nan dai su ke riƙe da Sudan tun 1898. Mutanen Mai Wurno ba su sami ƙasar da hannun Bature bai kai ba. Da saninsa suka zauna, idonsa a kansu. Hijira suka yi don addini, suna fuskantar alƙibla, a fili, da sunayensu da tutarsu. Ba dukiyar kowa a cikin kayansu.

Kakana ba ya cikin mutanen Burmi. Daga ƙasar Haɗeja ya taso yana saurayi da niyyar aikin hajji, a ƙafa, ta Maiduguri da Fort Lamy (N'Djamena ta yau) da Abeshe, ya shiga ta Jinaina, ya bi Fashir da Ubayyid. Guzuri ya ƙare, sai ya tsaya cirar auduga a gonakin Jazira, waɗanda aka buɗe bayan an gama dam ɗin Sinnar a 1925. Da yawan mutanenmu haka suka zauna. Yana da wani gwangwani da yake tara kuɗin jirgin ruwa na Sawakin a ciki, sai aure ya ci, ya sake tarawa, sai suna ya ci, sai wata shekarar fari. Kakata ta ce ko an tambaye shi ina ne garinsu, ba ya cewa nan, sai ya ce "muna kan hanya." Ya sauke farali daga baya, da furfura. Da ya dawo ta Bur Sudan, maimakon ya yi yamma sai ya koma gonarsa ta dawa da riɗi, domin a lokacin ya riga ya binne mahaifiyar 'ya'yansa ta farko da 'ya'ya biyu a wannan ƙasa. Mahaifina yakan ce daga ranar da aka haƙa kabarin farko maganar komawa ta mutu, sai dai ba wanda ya furta.

Ba zan ce duk wanda ya biyo hanyar nan waliyyi ba ne. Akwai masu gudun haraji, akwai masu gudun aikin dole na Faransa daga Damagaram da Maraɗi, akwai bayin da suka tsere wa iyayen gijinsu, Allah Ya yi musu albarka. Akwai kuma wanda ya ɗauko haƙƙin mutane. Sai dai mutanenmu suna da hanyar tace baƙo tun kafin a san wata Interpol. Baƙo in ya sauka, wurin shehun unguwa ake kai shi. A ba shi ruwa, a ba shi tuwo, ba a tambayarsa komai ranar farko. Daga baya a hankali: ɗan wane gari ne, wace unguwa, wa ya haife ka, wurin wane malami ka yi allo. Hanyar alhazai ba ta taɓa yankewa ba, duk shekara sai an sami wanda ya fito daga garin da ka ambata.

Ina yaro aka yi wani a unguwarmu. Mutum mai fara'a, mai hannu sake, ya buɗe shago, ba ya fashin jam'i. Da ya nemi auren wata 'yar ƙanen mahaifina, dattawa suka ce ya dakata, suka ba wani alhaji mai komawa gida wasiƙa. Amsa ta dawo cewa gadon marayun ɗan'uwansa ya sayar ya taho. Ba wanda ya kai shi wurin hukuma, mu ma a lokacin ba mu da fuskar zuwa can. An dai hana shi matar. Aka daina sa shi a adashi. In ya yi sallama a majalisa a amsa, sai hira ta tsaya. Liman ya kira shi ya ce ya mayar da haƙƙi, za a taya shi da abin da ya gaza. Ya ƙi. Bai cika shekara ba ya rufe shagon ya ƙara gaba. Wannan shi ne abin da ke jiran abokinka in ya zo cikinmu, kuma yanzu ba sai an jira alhaji ba, waya ɗaya ta isa.

Dalilin tsananin nan ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da tsoron abin da za a ce da mu. Ku a gida kuna da yawa, laifin mutum ɗaya nasa ne. Mu a nan in Bahaushe ɗaya ya yi abin kunya, "Fallata" za a ce, ko "Takari", a haɗa mu duka. Mun sha wuya kafin mu sami jinsiyya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na Sudan tun kafin 1898, ka ga ke nan ta rufe ƙofa ga yawancinmu. Mahaifina an haife shi a nan, bai taɓa ganin Haɗeja ba, amma sai da ya kai shaidu da rantsuwa ana juya shi daga wannan tebur zuwa wancan. A 2008 wata jarida ta jingina wa al-Bashir maganar cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne, gwamnati ta musanta, amma sai da mutanenmu suka fito kan titi a Gadarif da Bur Sudan. A 2022 kuma, a jihar Shuɗin Nilu, rikici ya tashi kan neman da Hausawa suka yi na samun sarautar gargajiya tasu, aka ce baƙi ba su da ƙasa. Ɗaruruwa suka mutu tsakanin Yuli da Oktoba, a wajen Rusairis da Wad al-Mahi. Mutanen da suka fi shekara ɗari suna noma ƙasar nan. To jama'ar da ke wannan gwagwarmaya ce za ta buɗe ɗaki ga wanda ya gudo da kuɗin mutane, ta ba maƙiya abin faɗa?

Nan a ce mana baƙi, can gida a ce mun zama Larabawa. Wannan ta biyun ta fi yi mini ciwo, don daga naka take fitowa. Gaskiya ne muna sa jallabiya da rawani irin na nan, matanmu na yafa tob, muna cin kisra. Gaskiya ne Hausarmu ta sha Larabci, kamar yadda taku ta sha Turanci, sai dai ku ba ku jin taku. Amma zo gidanmu ranar suna ka ga ko wanzami bai zo ba. Kakata har ta rasu ba ta kira sunan ɗanta na fari ba. Agashe da duk Sudan ke rububinsa, daga hannun mahautanmu ya fito. Yaranmu har yanzu da allo da tawada suke fara karatu.

Aure ne wurin da muka fi taka-tsantsan, kuma laifin ba na gefe ɗaya ba ne. Da yawan gidajen Larabawan bakin kogi ba sa ba Bafallace 'yarsu, komai iliminsa. Dattawanmu su ma ba sa son 'ya ta fita, suna cewa jikoki za su tashi ba Hausa a bakinsu. Ƙanena da muke ciki ɗaya ya auri 'yar Larabawan Shukuriyya a Gadarif, sai da aka kai ruwa rana a gidajen biyu. Abin da ya warware maganar a ƙarshe shi ne bincike: iyayenta suka tambaya, aka ce musu gidan wane ne, an san kakansu, an san gonarsu, ba a taɓa jin su da haƙƙin kowa ba. Yau 'ya'yanta na gaida ni da Hausa suna durƙusawa, uwar ce ma ta fi matsa musu. Sunan da kakana ya bari shi ya yi wa ƙanena aure, kuma shi nake jin tsoron a ɓata mana.

Don haka ka gaya wa abokinka ya nemi lauya tun yana gida. In zalunci ake yi masa, ya tsaya ya kare kansa inda yake da shaidu da dangi. Wanda ake farauta don ra'ayinsa ko addininsa maganarsa daban ce, akwai hanyar neman mafaka a fili, kuma irinsa ba mu taɓa rufe masa ƙofa ba. In kuwa ya ci kuɗin ne, ya nemi dattawa su shiga tsakani, a yi lissafi, ya fara biya ko da kaɗan-kaɗan. In duk da haka ya zo, zan ba shi ruwa da wurin kwana kamar kowane baƙo, amma ranar da shehun unguwa ya tambaye ni ko wane ne shi, abin da ka rubuto mini zan faɗa. Ka gaida Hajiya da mutanen gida.