Me ya sa manhajata ta P2P take aiki a gida amma ta ƙi a ofis?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina amfani da Syncthing wajen daidaita fayiloli tsakanin kwamfutocina biyu. Idan duk suna gida lafiya lau, amma da na kai ɗaya ofis sai su daina ganin juna, ko aikin ya riƙa tafiyar hawainiya. An ce min fayawol ne da furoksi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Waɗanda suka gaya maka sun yi gaskiya: fayawol shinge ne da ke tace abin da ke shiga da fita kwamfuta, furoksi kuma wakili ne da ake bi ta hannunsa a fita intanet. Sai dai akwai na uku da ba su ambata ba, wato NAT, dabarar haɗa na'urori da yawa a kan adireshin intanet ɗaya, kuma sau da yawa shi ne ummul haba'isin matsalar.

Adireshin IPv4, wato lambobin da ake gane na'urori da su a intanet, duka-duka kusan biliyan 4.3 ne, kuma tun Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai kula da rabon adireshin a duniya, ta raba ragowar da ke hannunta. Shi ya sa rautar gidanka, wato na'urar da ke rarraba intanet a gidan, take da adireshi ɗaya tak na waje, na'urorin ciki kuma ta ba su irin 192.168.1.5, wanda ba a ganinsa daga intanet. Rautar kamar mai gadi ce: wanda ya fita takan rubuta sunansa, amsarsa ta dawo ta buɗe mata, amma baƙon da ba a san da zuwansa ba sai ta mayar da shi. Buɗe shafin intanet ba ya samun cikas, domin kai ne kake fara magana. A tsarin P2P kuwa, irin na Syncthing, inda kwamfutoci ke magana da juna kai tsaye, kowace kwamfuta tana kira kuma ana kiranta, to idan duka biyun suna bayan NAT, wa zai fara?

Ba sai ɓangarorin biyu sun buɗu ba, ɗaya ya wadatar. Don haka fara da gida, inda kake da iko. Shiga saitin rautar ka tura ƙofa (port, wato lambar da manhaja take karɓar saƙo ta kanta) mai lamba 22000, ta TCP da UDP, hanyoyi biyu na aika bayanai, zuwa adireshin kwamfutar gida, domin ita ce ƙofar da Syncthing yake saurare a kai. Ka kafe wa kwamfutar adireshi guda a rautar, in ba haka ba ranar da ya canza aikin ya rushe. Kada kuma ka manta da fayawol ɗin kwamfutar kanta. Akwai UPnP da ke buɗe ƙofar da kansa, amma ni na fi son a yi da hannu, saboda UPnP ba ya tambayar wace manhaja ce ta nema, ta kirki ko ta ɓarna.

Kafin ka wahalar da kanka, duba adireshin wajen da rautar take nunawa. In ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kamfanin intanet ɗinka ya sa ka bayan nasa babban NAT ɗin, wanda ake kira CGNAT, kuma tura ƙofa ba zai yi tasiri ba. Sai dai ka nemi adireshin waje naka na kanka, ko IPv6, sabon tsarin adireshi, in suna bayarwa.

Idan babu ɓangaren da ya buɗu, manhajar takan yi dabara. Kowace kwamfuta za ta tambayi sabar STUN yadda ake ganinta daga waje, sannan su aika wa juna saƙon UDP a lokaci guda. Kowace rauta sai ta ɗauki saƙon da ya shigo a matsayin amsar wanda ya fita, hanya ta samu. Wannan dabara tana yawan faɗuwa a ofisoshi, domin wasu NAT suna canza lambar ƙofa ga kowane wurin da aka kira, wasu fayawol kuma sun toshe UDP ɗungurungum. A nan ne manhajar take komawa ga sabar 'yar tsakani da ke karɓa daga wannan ta miƙa wa wancan, kuma wannan zagayen ne yake jawo jinkirin da kake gani. Bayananka dai a kulle suke, 'yar tsakanin ba ta iya karanta su.

Furoksi kuma nasa daban ne. A ofis mai furoksi kwamfutarka ba ta fita intanet da kanta, sai ta hannunsa. Na HTTP galibi ƙofar 80 da 443 kaɗai yake bari, kuma ba ya ɗaukar UDP. Furoksi irin SOCKS5 ya fi sassauci, kuma Syncthing yana aiki da shi idan ka sa adireshinsa a saitin all_proxy. Amma ta furoksi kira kawai za ka iya yi, ba za a kira ka ba, shi ya sa buɗe ta gida yake da muhimmanci.

Shawarata a kan ofis ita ce ka je wurin jami'in da ke kula da intanet ɗin wurin. Kada ka yi ƙoƙarin zagaye fayawol ɗin a ɓoye, domin fitar da fayilolin aiki zuwa gida ba tare da izini ba yana iya jawo maka matsala babba. Ka gaya masa abin da kake buƙata a fili: izinin fita ta TCP zuwa adireshin intanet na gidanka a ƙofa 22000. Ba ka nemi a buɗe wa kowa hanyar shiga ofis ba, don haka amincewa da ita ba ta da wuya.