Yara a Zaman Ƙungiyar Saƙa da Ɗinki: A Hana ko a Bari?

Tambaya: Muna da ƙungiyar masu sha'awar saƙa, ɗinki da haɗa duwatsun ado, muna zama na awa biyu kowane mako. Wasu suna zuwa da ƙananan yara, wasu kuma sun ce hayaniya ta hana su aiki, har ɗaya ta daina zuwa. Iyayen sun ce in aka hana yara, to su aka kora. Ni ce shugaba, yaya zan yi?

Amsa: Malama, kada ki kai maganar gaban mambobi a matsayin "a hana ko a bari". Da kin yi haka kin raba ƙungiyar biyu. Ki raba yaran gwargwadon shekaru, domin ba matsala ɗaya suke kawowa ba.

Jaririn da bai fara rarrafe ba yana jikin uwarsa, kuma hana shi zuwa daidai yake da hana mai shayarwa zuwa. A bar shi, da sharaɗin in ya fara kuka uwar ta fita da shi har ya yi shiru. Yaro mai shekara 7 zuwa sama kuma za a iya ba shi zare da kwarashi ya zauna ya koya.

Wahalar tana tsakiya, daga rarrafe zuwa shekara 3 ko 4, kuma hayaniyar da ake ta ƙorafi a kai ita ce mafi sauƙi a ciki. Ɗan wannan shekarun komai ya tsinta sai baki. Ma'aunin da masu gwada kayan wasa ke amfani da shi wani bututu ne mai faɗin kusan santimita 3.2, duk abin da ya shige cikinsa zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Duwatsun ado, maɓalli da fil duk sun shige. Biyu sun fi muni. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli in ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Maganaɗisun da ake sa wa bakin jaka kuwa, in yaro ya haɗiye biyu, suna janyo juna ta bangon hanji har su huda shi. Ko zargi kawai aka yi, asibiti nan take, ba a jiran alama. Ga kuma dutsen guga da bindigar gam (na'urar da ke narkar da gam da zafi), waɗanda wayarsu ke reto daidai hannun mai rarrafe.

Saboda haka yaran nan ba sa shiga inda ake aiki. In za su zo, a ware musu wuri dabam da mai kula da su wadda ba ta riƙe da allura. "Ai duk muna kallonsu" shi ne yadda hatsari ke faruwa, don kowa ta ɗauka wata ce ke kallo. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC a Birtaniya tana ba da shawarar babba ɗaya ga yara 3 'yan ƙasa da shekara 2, ɗaya ga 4 masu shekara 2 zuwa 3, ɗaya ga 6 masu shekara 4 zuwa 8. Iyayen su yi karɓa-karɓa na rabin awa, ko su haɗa kuɗi su ɗauki mai raino. Kada a ɗora wa wadda ba ta zo da yaro ba, daga nan gaba take farawa.

In babu wurin warewa, a raba zaman: ɗaya a wata da yara, ranar a yi saƙa kawai, ba guga, ba duwatsu. Sauran na manya da jarirai.

Ki rubuta dokar a layi huɗu ko biyar: shekarun da aka yarda, wa ke kula, wa zai biya in yaro ya ɓata kayan wata (uwarsa, kuɗin kaya da na aikin da ya lalace). Tun ran gini tun ran zane, kada ki jira sai an yanke wa wata saƙar mako uku. A kawo dokar a zaman mambobi ba tare da kiran sunan ɗan kowa ba, a gwada wata uku, sannan a sake dubawa. Kafin wannan zaman ki kira wadda ta daina zuwa ke da ita, ki ji ainihin abin da ya kore ta, don wataƙila ba kukan ba ne, aikinta aka taɓa.